Dardumar Malam

Cibiyar killace masu korona, Katsina
Litinin, farkon azumi, 2020

Zuwa ga Yayata Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ƙarin haƙurinmu? Ya takaba, ya azumi, ya zafi? Allah ya jiƙan Malam Murtala, ya sa cutar nan ta zame mashi kaffara.

Yaya, kin sa ni abin da rabona da shi tun ina sakandare, wato rubuta wasiƙa. Na kira wayarki har na gaji, kullum a kashe. Ɗanki Ashraf ya kira ni daga Legas kamar zai yi kuka, ga hanya a rufe, ga uwarshi ba ta samuwa. Ni kuma kin san inda aka jefa ni. Tun da aka kwaso mu daga sashen gashin ƙashi aka kawo mu nan mu taimaka wa marasa lafiya da numfashi, ba a barinmu zuwa gida. Ko an bar ni ma ba zan shigo maki ba, kada in kawo maki abin da ya raba ki da miji.

Bala direbanmu maƙwabcinku ne a Ƙofar Durbi, shi zai aje wannan takarda a zaure tare da ɗan dabino. Ki shanya su a rana kafin ki taɓa. In kin rubuta amsa ki bar ta a nan zauren, zai ɗauka.

Kada ki rubuto mani "lafiya lau". Na san lafiya lau ɗinki tun ina goye a bayanki. Ki faɗa mani gaskiya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Kubura

*

Ƙofar Durbi
Laraba

Kubura,

Wa alaikumus salam. Ya aiki, ya fama da jama'a? Allah ya tsare ku, ya fitar da ku lafiya. Na amshi saƙo. Na shanya shi a rana kamar yadda likita ta ba da umarni, har kaji suka fara yi wa dabinon kallon nasu ne.

Kin ce gaskiya, to ga ta. Na kashe wayar ne don da ita aka gaya mani. Ina tsakar gida ina dama kunun da za a kai mashi asibiti ta yi ƙara. Tun daga ranar, ko ta maƙwabta na ji ta bayan katanga sai gabana ya yanke ya faɗi. Masu gaisuwa kuma kowa da kalmarshi guda: haƙuri, haƙuri. Na yi haƙurin har na rasa inda zan zuba shi.

Ban ga gawarshi ba, Kubura. Daga asibiti aka wuce da shi maƙabarta, mutane ƙalilan cikin fararen ledoji. Ko Yaya Alhaji Isiyaku, yayanshi uwa ɗaya uba ɗaya, daga nesa aka tsayar da shi. Ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba, ba a yi sadakar uku ba. Kin tuna rasuwar Inna, ko wurin aje takalmi babu? Ni kau takaba ta zo mani tare da dokar kulle. Duk garin nan ya taya ni zaman ɗaki, amma kowa a nashi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, wani abu yana kama mani ƙirji. Ina zaune ƙalau sai in ji kamar an ɗora mani turmi, numfashi ya tsaya a maƙogwaro, hannuwana su yi sanyi, in ce shi ke nan tawa ta zo. An zo an gwada ni, an ce ba ni da cutar. To mene ne? Salla ma ta gagare ni. In tayar da kabbara, kafin in kai ruku'u na manta inda nake, in sake, in kuma sakewa. Ni da na shekara da shekaru ina koya wa 'yan firamare ƙirga, yau raka'a huɗu ta fi ƙarfina. Kuma har yau ko ɗigon hawaye ban yi ba. Kunya nake ji in faɗa, kada a ce ban damu da shi ba.

Yaya Alhaji yana ƙoƙari. Duk ranar da aka sassauta kulle, matarshi Hajiya Sabuwa tana kawo mani abin buɗa baki, ta aje a zaure, ta gaishe ni daga can ta juya. Ya so in koma gidanshi a Ƙofar Sauri in ida takaba, na ce a yi mani haƙuri. Komai na Malam yana inda ya bar shi, ban taɓa ba. Gidan nan kaɗai ke riƙe da ni. In aka fitar da ni daga cikinshi ban san abin da zai saura nawa ba.

Ki ce wa Ashraf uwarshi tana nan da ranta, tana sa mashi albarka.

Yayarki,
Rakiya

*

Juma'a

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki a bayan ɗakin canza kaya, na yi kukan da kika kasa, har takunkumina ya jiƙe.

Abin da ke kama maki ƙirji mun san shi. Firgici ne da baƙin ciki suka rasa ƙofar fita. Ba hauka ba ne, ba rashin imani ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce, rabin ma'aikatan nan muna fama da shi.

Kin tuna da na dawo daga karatu a Indiya, kika iske ni a tsakar ɗaki na naɗe ƙafa, kika ce kuɗin Baba sun tafi a koyon zaman tsohuwa mai kaɗi? To yau ranar tsohuwa mai kaɗi ta zo. Sunan abin yoga. Kada ki zabura. Wasu a can suna haɗa shi da addininsu, ni ban ɗauko wannan ba. Miƙa da numfashi na ɗauko, yadda aka koya mana don marasa lafiya. A nan kullum muna yi kafin mu shiga wurin majinyata. Akwai wata nas, Safara'u, da ta ce ita ta girmi wasan yara, yanzu ita ke tattaro mu.

Ki samu shimfiɗa mai ɗan laushi. Ki zauna ki miƙe baya, ki ɗora hannu a ciki. Ki ja iska ta hanci a hankali har ki ji cikin ya taso, sannan ki sake ta sannu-sannu, fitar ta fi shigar tsawo. In tunani ya zo kada ki yi kokawa da shi, ki koma wa numfashinki. Bayan nan ki dafa ƙasa da hannu da gwiwa, ki gantsare ki ranƙwafa kamar kyanwa ta tashi daga barci. Sai ki zauna kan dugaduganki, ki kai goshi ƙasa, ki miƙa hannuwa gaba, ki daɗe a haka. Daga ƙarshe ki kwanta ki jingina ƙafafu a bango. Na zana maki su a bayan takarda, ban da dariya.

Ban ce zai dawo maki da Malam ba. In kuma abin bai sassauta ba, akwai likitar da zan haɗa ku, babu abin kunya a ciki. Amma ki gwada, don Allah.

Taki,
Kubura

*

Ƙofar Durbi
Tsakiyar azumi

Likita bokan Turai,

Bayan gaisuwa, na ga zanenki. Na daɗe ina juya takardar kafin in gane mutum ne ba ƙadangare ba.

Ranar farko na yi ne kawai don kada ki ce na ƙi. Gwiwoyina suka yi ta ƙara kamar ana karya kara, na ce wannan yarinya so take ta ida ni. Amma shekaranjiya abin nan ya taso mani ina wanke shinkafa. Na aje ƙwarya na zauna a dokin ƙofa, na ɗora hannu a ciki yadda kika ce. Kubura, ya zo, ya tsaya, ya wuce. Ban mutu ba. Na tashi na ida wankin shinkafata.

Yanzu bayan la'asar nake yi, lokacin da gidan ya fi yi mani faɗi, don a lokacin ne Malam kan dawo daga shago yana kiran a ba shi ruwan wanka. Jiya na yi magariba daga kabbara har sallama ban ɓata ba. Na daɗe zaune ina mamaki.

Shimfiɗa kuma na samu. Kada ki tambaye ni wacce.

Allah ya yi maki albarka.
Rakiya

*

Alhaji Isiyaku Babaji
Ƙofar Sauri, Katsina
Goman ƙarshe na Ramadan

Zuwa ga Malama Kubura,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina lafiya, da ke da abokan aikinki. Allah ya saka maku da alheri.

GAME DA HALIN DA RAKIYA TAKE CIKI

Na zaɓi in rubuto ne domin a aikin gwamnati da na yi har na aje, na koyi cewa magana mai nauyi ba a barinta a baki.

Ranar Talata iyalina Hajiya Sabuwa ta kai wa yayarki abin buɗa baki. Ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta jiyo kuka daga ciki, don haka ta karya doka ta shiga. Ta iske Rakiya a kan dardumar marigayi, ta fuskanci gabas, ba hijabi, ta yi sujada amma hannuwanta a miƙe can gaba, tana kuka kamar ranta zai fita. Da ta ɗago ba ta yi zaman tahiya ba, sai ta gantsare, daga bisani ta kwanta ta ɗaga ƙafafu a bango. Wannan duk bayan la'asar ne, lokacin da ko yaro ya san ba a nafila. Hajiya ta dawo tana cewa, "Alhaji, tashi, Rakiya ta taɓu! Salla takai ƙahwa bisa!"

Rakiya mace ce mai ilmi, ba za ta yi wa salla haka da hankalinta ba. Ko dai baƙin ciki ya taɓa ta, ko kaɗaici ya buɗe wa wani abu ƙofa. Laifina ne da na biye mata na bar ta ita kaɗai.

Na tambayi malamai, sun ce mai takaba tana iya barin gidan miji idan akwai lalura, kuma babu lalurar da ta wuce wannan. Saboda haka na yanke shawara: washegarin salla zan zo da mota in ɗauke ta zuwa gidana, a rufe wancan gida, a nemo mai ruƙiya. Murtala bai bar mani wasiyya ba, ban ma samu ganinshi ba, amma na san amanar iyalinshi a wuyana take.

Ina sanar da ke ne a matsayinki na 'yar'uwarta, ba shawara nake nema ba.

Wassalam.
Alhaji Isiyaku

*

Alhamis, da gaggawa

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice. Hajiya Sabuwa ta gan ki ranar Talata, ke ba ki gan ta ba. Ta kai wa Yaya Alhaji labarin kin haukace kina salla ƙafa a sama. Ya rubuto mani da kan magana da komai, sai ka ce takardar sallama daga aiki. Washegarin salla zai zo da mota ya kwashe ki, ya rufe gidan.

Na kira shi don in gyara, sai na ƙara ɓatawa. Ina cewa ai ba salla ba ce, yoga ce, ni na koya maki, sai ya ce, "Au, ibadar Indiyawa ce a kan dardumar ƙanena, ana kallon alƙibla?" Ya ce da hauka ce ma da ta fi mashi sauƙi. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, ya ce ni yarinya ce, boko ya yi mani yawa, ya kashe waya.

Ba mugunta ce ke ranshi ba, tsoro ne. Amma ni ba zai saurare ni ba. In akwai wanda zai iya tsayar da motar nan, ke ce.

Kin ce kada in tambaya, amma dole in tambaya. Yaya, duk tabarmin gidan nan, me ya kai ki darduma?

Ki yafe mani, ni na jawo maki.
Kubura

*

Ƙofar Durbi
Jajibirin salla

Zuwa ga Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Hajiya da yara. Ya ibada, ya haƙurin rashin da muka yi? Allah ya amshi azuminmu. Na gode da ɗawainiyar da kuke yi da ni, Allah ya bar zumunci.

Ban taɓa rubuto maka takarda ba, ban kuma taɓa musa maka ba. Ka dubi rubutun nan da kyau, Yaya, ka gani ko na mahaukaciya ne.

Abin da Hajiya ta gani ta gani, ba ta ƙara komai ba. Da ni ce na shigo na iske wata haka, da abin da zan ce ke nan. Amma ba salla nake ba. Ban yi niyya ba, ban yi kabbara ba, ban kira sunan kowa ba. Motsa jiki ne da gyaran numfashi da Kubura ta koya mani, saboda tun rasuwar Malam ƙirjina ke toshewa har in kasa ida salla. Ban gaya maka ba don kunya. Wata guda na yi ina tsayuwa gaban Ubangijina ban san raka'a nawa na kawo ba. Yanzu ina sani. In da abin nan yana raba mutum da salla ne, da ni zan fara jefar da shi.

Saura maganar darduma, kuma a nan kana da gaskiya. Ga yadda aka yi.

Da aka rufe masallatai, a kusurwar falo Malam yake ja mana salla, shi gaba ni baya. Ranar da za a tafi da shi asibiti, a zaune ya yi azahar a kanta don ba ya iya tsayuwa. Da ya sallame ya ce, "Bar ta nan, Rakiya, in na dawo na ɗauke." Ban ɗauke ba. Tana nan yadda ya bar ta, tana kallon gabas. Sharewa ma zagaye ta nake yi. Da Kubura ta ce in nemi shimfiɗa, ƙafata ce ta kai ni, don har yanzu tana ƙamshin turarenshi, kuma wurin goshinshi ya ɗan lotsa.

Ranar Talata na kai goshina daidai wurin. Yaya, tun da aka yi rasuwar ban yi kuka ba sai ranar. Kowa ya ce in yi haƙuri, ba wanda ya ce in yi kuka. Abin da Hajiya ta ji ba ciwo ne ke shiga ba, fita yake.

Duk da haka darduma ta salla ce, bai kamata in sa mai kallo cikin ruɗu ba. Yau da hantsi na naɗe ta. Ban san akwai abu mai nauyi haka a gidan nan ba. Na koma tabarmar kaba, na juya ta kudu, in Hajiya ta sake shigowa ta shaida.

Da na naɗe ta sai na rasa inda zan aje, sai kai ka faɗo mani a rai. Ni na samu jinyarshi, na ji maganarshi ta ƙarshe a gidan nan. Kai da ka goya shi, ka kai shi makaranta, ka nema mashi aurena, an tsayar da kai a bakin maƙabarta kamar baƙo. Ba ka wanke shi ba, ba ka sa shi a kabari ba. Kowa yana zuwa yi mani gaisuwa ta wurinka, ban ji wanda ya tsaya ya tambayi yadda kake kwana ba. Ga ta nan na ba Bala ya kawo maka. Na san halinka, za ka ce kayan gado ne ba a raba ba. To aro ne, ka riƙe har Ashraf ya dawo.

Roƙona guda ne. Ka bar ni in ida takabata a ɗakin da ya bar ni. Zan kunna waya daga gobe, ka kira ni duk lokacin da ka so ka ji ko hankalina yana nan. In ka ga duk da haka sai ka zo da mota, ba zan yi maka gardama a gaban mutane ba, zan shiga. Amma ka sani wadda za ka ɗauka ta fara warkewa ne, kuma a nan take warkewa.

Allah ya ƙara girma, ya kai mu sallar lafiya.

Ƙanwarka,
Rakiya

*

Ƙofar Sauri
Washegarin salla

Rakiya,

Wa alaikumus salam. Barka da salla, Allah ya maimaita mana.

Saƙo ya iso. Jiya a kanta na yi la'asar. Da na kai goshi na daɗe ban ɗago ba, har Hajiya ta leƙo ta fara salati, ta ce ni ma na taɓu. Na ce ta ja mani ƙofa.

Na sallami mai mota. Ki zauna ɗakinki.

Sunan abin nan har yanzu bai kwanta mani ba, kuma ƙafa a bango ba da ni ba. Amma turmin da Kubura ta ce yana hawa maki ƙirji, ni ma tun ranar maƙabarta yake hawa nawa, ban gaya wa kowa ba. In kin kunna wayar zan kira bayan la'asar. Ki gaya mani yadda ake jan numfashin.

Yayanki,
Isiyaku